Ƙafa a Kan Kuloci

Talata, 11 ga Mayu 1999, da yamma

Yau na zama kaka. 'Yata Eunice ta sauka da hantsi a asibitin ƙetaren gada, an sami mace. Ba ta iya haihuwa da kanta ba, sai da likitoci suka yi mata aiki, amma sun ce uwa da ɗiya suna lafiya.

Nas ta miƙo mini jaririyar a cikin zani. Na riƙe ta, na ce, "Amarya, kin iso? Kin tarar da angon naki da furfura, sai haƙuri." Matan ɗakin suka yi ta dariya. Matthew, mijin Eunice, ya ce, "Baba, ba a ba ka ita ba tukuna, sai ka kawo akuya." Na ce masa ko saniya ce ya faɗa.

Tun da na gama makarantar yamma ta cocinmu, bayan na riga na yi 'ya'ya, ban cika rubuta abin da ya wuce sunana ba. Yau hannuna ne yake so. Ba kowa a gidan da zan gaya wa. Da matata Juliana na da rai, da yanzu tana bakin gadon 'yarta tana ba kowa umarni.

Yatsun yarinyar dogaye ne, irin na gidanmu.

Alhamis, 13 ga Mayu, da dare

An yarda Eunice ta fara shan abu mai ruwa. Na dama kunun gyaɗa da kaina, na zuba a langar Juliana, wadda murfinta ba ya zama daidai. Kafin in fita daga unguwarmu Romi rabinsa ya zube a ƙasan mota, saboda ramuka.

A hanyar dawowa na yi ta tunani, na kuwa samo dabara. In na sa giya ta biyu, na ɗora ƙafar hagu a kan kuloci na danna shi rabi, tsohuwar Fijo ɗin nan sai ta riƙa tafiya kamar kwalekwale. Ba fizga, ba girgiza. In rami ya zo in ƙara dannawa kaɗan, in mun wuce in sassauta. Da yamma na koma da wani kunun a haka, tun daga ƙofar gida har asibiti, ko ɗigo bai zuba ba. Eunice ta sha ta ce ya yi tsami kamar na mamanta. Ban san ko yabo ba ne.

Amarya ta yi hamma a hannuna.

Asabar, 15 ga Mayu, da la'asar

Na wuni a layin mai a Kakuri. Muna zaune kusa da matatar mai, amma sai mutum ya kwana biyu yana neman abin da zai kai shi asibiti. Layin a kan gangare yake, batirina kuma ba shi da ƙarfi, don haka ban kashe mota ba. Na riƙe ta da kuloci, in an matsa in matsa. Na ji wani ƙauri kamar an ƙona tsumma. Na ɗauka bas ɗin da ke gabana ce.

Litinin, 17 ga Mayu, da yamma

Sun dawo gida, gidana. Ɗakin da Matthew ke haya a unguwar Television a sama yake, kuma ba ruwa, shi ya sa muka shirya Eunice ta yi jego a nan. Na share ɗakin Juliana, na sa gidan sauro sabo.

Ni na ɗauko su. Saboda ɗinkin da ke cikinta ban ɗaga ƙafata daga kan kuloci ba tun daga gada har Romi. Masu bas suna ta yi mini ham, ban kula su ba. Eunice tana baya da jaririya a cinya, ta ce, "Baba, yau jirgin sama ka ɗauko mu da shi?" Matthew ya ce ko gwamnan da za a rantsar ba zai sami direba irina ba.

A hawan da ke bayan Television injin ya ɗan yi kuka fiye da yadda ya saba. Ta dai hau.

Yanzu haka ina jin kukan yarinya ta bango. Gidan nan ya daɗe bai ji irin wannan ba.

Laraba, 19 ga Mayu, da hantsi

Mahaifiyar Matthew ta zo daga Kakau don ta riƙa yi wa jaririya wanka. Mace ce mai kirki, ba ta da yawan magana. Ta kore ni daga madafa.

Jikin Eunice da ɗan zafi. An ce ruwan nono ne ke zuwa.

Na je kasuwa sayo kayan farfesu. In na taka totur, ƙarar injin sai ta yi sama, motar kuma tana nan yadda take, sai daga baya ta biyo. Kulocin ma ba ya kamawa sai ƙafata ta kusa barinsa gaba ɗaya. Ya kamata in kai wa Malam Nuhu makaniki a Makera ya duba. Sai an yi suna tukuna.

Juma'a, 21 ga Mayu, da yamma

Eunice ba ta ci komai ba yau. Ta ce sanyi take ji, ga rana kuwa.

Lahadi, 23 ga Mayu, da azahar

Ban je sujada ba.

Jiya da rana zazzaɓin Eunice ya yi tsanani, muka fito da ita za mu asibiti. Matthew yana baya yana riƙe da kanta. Akwai hawan nan da ake yi kafin a fita babban titi. A tsakiyarsa injin ya yi ta ihu, motar ta tsaya cik, sannan ta fara komawa baya. Na taka birki. Na sa ta ɗaya, na sake gwadawa. Hayaƙi ya fito ta ƙarƙashi, da wannan ƙaurin. Na sake gwadawa. An fara yayyafi.

Matthew ya goya ta ya hau da ƙafa. Na bi su da zaninta da ya faɗi. Mun daɗe a bakin titi kafin wata bas ta yarda ta tsaya.

A asibiti, bayan an shiga da ita, Matthew ya ce matarsa da 'yarsa ba za su ƙara shiga wannan motar ba. Ya faɗi wasu abubuwan kuma. Su ba zan rubuta ba. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Da safen nan mahaifiyarsa ta tafi da jaririya Kakau. Ta ce akwai mai shayarwa a gidansu. Ta durƙusa ta yi mini sallama, ba ta ɗago kai ba.

Motar tana can inda ta tsaya, na sa mata duwatsu.

Litinin, 24 ga Mayu, da yamma

Wani mai a-kori-kura ya ja motar zuwa Makera. Ni da Malam Nuhu tare muka yi aiki a masaƙa, shi a wajen injuna, ni a wajen rini, kafin ya buɗe garejinsa. Tun da na sayi motar nan ba wanda ya taɓa kwance ta sai shi.

Ya ce, "Shekari, na ji an yi maka amarya, ba ka zo ka gaya mini ba, sai da mota ta mutu."

Na ce masa uwar tana asibiti. Ya dube ni, ya ce Allah ya ba ta lafiya, bai ƙara tambaya ba.

Ya buɗe gaba ya duba man kuloci, yana nan cike. Ya leƙa ƙasa ko yana yoyo, babu. Ya shiga ya taka kulocin da ƙafarsa, ya ce bai yi laushi ba. Ya tayar da inji, ya sa giya ɗaya bayan ɗaya, duk suna shiga ba gurnani. Ya ce, "Da mai ne ya tsiyaye, da giya ta ƙi shiga, da aikin shan shayi ne." Ya kasa kunne yana takawa yana saki, ya ce boris ɗin da ke tura kulocin ma ya fara ɗan kuka.

Sai ya sa aka danne tayoyi da duwatsu, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta huɗu, ya ɗaga ƙafarsa a hankali har ya cire ta. Injin ya ci gaba da aiki abinsa.

Ya ce, "Ka gani? Mota mai lafiya, a nan take mutuwa. Taka ko a jikinta. Faifan ya cinye, ba abin da yake kamawa."

Na ce ai bai daɗe ba da muka sa shi, shekarar bikin Eunice ne.

Ya ce, "Kuloci ba ya ƙirga shekara. Na ga wanda ya yi shekara goma, na ga wanda bai ga damina biyu ba. Kai kuwa ƙafarka mai tsabta ce, na san tuƙinka. Wa ka ba motar?"

Na ce ba kowa. Na ba shi labarin kunu, da layin mai, da ɗinkin Eunice.

Ya goge hannu da tsumma. Can ya ce, "Daga Romi har gada, rabin kuloci?"

Na ce zuwa da dawowa, safe da yamma.

Ya ce, "Shekari, faifan nan tsakanin ƙarfe biyu yake. In ka saki ƙafa, sun matse shi, suna juyawa tare, ba abin da ke cinsa. In ka danna duka, sun rabu, nan ma lafiya. In ka tsaya a tsakiya, gogawa suke yi, kamar ka sa gero a dutsen niƙa. Kai kana jin daɗi ba girgiza, shi kuwa girgizar duk a jikinsa take ƙarewa."

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Da ka sani da ba ka yi ba. Zauna a kawo maka ruwa."

Laraba, 26 ga Mayu, da yamma

Na je asibiti a bas, langa a kan cinyata. An mayar da Eunice wani ɗaki da ba a barin mutane su shiga da yawa. Matthew ya fito ya ce, "Ina wuni, Baba," idonsa a kan langar. Ya karɓa ya shiga. Na zauna a benci. Da zan tafi ya miƙo mini ita. Nauyinta yana nan yadda na kawo ta.

Ta taga na hango ƙafafunta kawai.

Alhamis, 27 ga Mayu, bayan azahar

An sauke akwatin giya. Malam Nuhu ya ɗora mini faifan a hannu. Ya yi baƙi, ya yi sumul kamar bayan cokali, ƙusoshin da ke riƙe fatarsa duk sun fito suna ƙyalli. Murfin da ke danne shi ya yi tabo shuɗi-shuɗi saboda zafi. Har yanzu yana ƙauri.

Ya ce akwai masu sake wa tsohon faifai fata, 'yan tasi suna yi, yana kuma tafiya. "Amma wani lokaci yana karkarwa in za ka tashi. In mai ɗinki za ka ɗauka, ban ba ka shawara ba."

Ban gaya masa an ce ba za ta ƙara shiga ba. Na ce a sa sabo, faifai da murfi da boris gaba ɗaya, tunda an riga an kwance. Ya ce haka ya fi, kada a sake sauke giya saboda abu ɗaya. Sai dai mai kawo masa kayan kirki ya tafi garinsu, sai bayan bikin miƙa mulki.

Na zo da tsohon faifan gida. Ban san me zan yi da shi ba.

Asabar, 29 ga Mayu, da azahar

Rediyo ya ce soja sun koma bariki. Maƙwabta sun fito da talabijin tsakar gida, ana ta tafi. An aiko a kira ni, na ce kaina ke ciwo.

Jiya likitoci sun sake shiga da Eunice ɗakin aiki. Wata nas ce ta gaya mini, ba Matthew ba.

Na shiga ɗakin Juliana na share, ko da yake ba datti. Tsummokaran jaririya suna kan igiya tun wancan makon, ruwa ya dake su ya bushe, ya sake dukansu. Yau na kwashe na ninke.

Lahadi, 30 ga Mayu, bayan sujada

Fasto ya yi addu'a domin sabuwar gwamnati, ya daɗe. Sannan ya ce a tuna da 'yar Baba Shekari. Matan zumunta suka kewaye ni a waje, wasu na yi mini barka, wasu na yi mini sannu, ban san wadda zan fara amsawa ba. Wata ta tambayi sunan yarinya. Na ce ana jiran uwarta.

Talata, 1 ga Yuni, da safe

Ruwa tun asuba. Ba labari.

Alhamis, 3 ga Yuni, da yamma

Na sayi sabulu da hoda, na shiga bas ɗin Kakau. A Gonin Gora na ce a sauke ni. Ba wanda ya hana ni zuwa, ba kuma wanda ya ce in zo. Na tsaya a bakin titi ina kallon manyan motocin Abuja, sannan na tsallaka na dawo.

Ko idon Amarya ya buɗe sosai yanzu. Ko wa take kama.

Juma'a, 4 ga Yuni, da azahar

Benci. Matthew ya rame. Ya zauna a ɗaya ƙarshen. Na so in gaya masa kayan mota sun iso, na ga ba lokacinsa ba ne.

Asabar, 5 ga Yuni, da yamma

An gama mota. Malam Nuhu ya sake yin gwajin nan na giya ta huɗu, yana ɗaga ƙafa injin ya mutu nan take. Ban taɓa jin daɗin mutuwar inji ba sai yau.

Ya ƙi ba ni makulli haka kawai. Ya cika butarsa ta alwala, ya cire murfin, ya ajiye ta tsakanin ƙafafunsa a gidan gaba. Ya ce, "Mu je. In ka jiƙa mini wando, kai za ka wanke."

Muka bi hanyar bayan masaƙa, inda ramuka suka fi yawa. Ina sa giya ƙafata ta koma kan kuloci da kanta. Ya buge mini gwiwa. "Sauke ta ƙasa, tsoho. Can gefe, a kan tabarma." Ya ce in rage gudu tun rami yana nesa, da birki, in sa giya ƙarama, in cire ƙafa gaba ɗaya in bar injin ya ja a hankali. In tsayawa ce a gangare, birkin hannu, shi ma ya ɗaure mini shi.

Ramin farko na jiƙa shi har gwiwa. Ya ce, "Shekara nawa kana tuƙi, ashe mai rini ne kawai." Na yi dariya, na ji ta baƙuwa a bakina. Muka yi ta zagaye har la'asar. A zagayen ƙarshe ruwan yana rawa a bakin buta amma bai fito ba.

Da zan tafi ya ce, "Wannan in ka bar shi ya huta, shi zai kai amaryar taka makaranta."

Na hau hawan Romi a giya ta biyu. Duwatsun da na sa suna nan a gefen hanya.

Litinin, 7 ga Yuni, da yamma

Na ga Eunice. An dawo da ita babban ɗaki. Ta gane ni tun daga ƙofa. Ta ce, "Baba, ka rame. Wa ke dafa maka?" Muryarta ƙarama.

Na zauna na fara ba ta labarin kuloci, faifai da murfi da butar Malam Nuhu. Na yi ta magana, na san ya isa, na kasa tsayawa. Ta ɗora hannunta a kan nawa ta ce, "Baba, ba motar ba ce." Sai Matthew ya shigo da magani, ba ta ƙarasa ba.

Ta sha kunu cokali kaɗan.

Alhamis, 10 ga Yuni, da hantsi

Jibi za a sallame ta. Kakau za su, wajen jaririya. Haka ya kamata.

Na wanke mota ciki da waje, na shanya kujerun baya. Ba wanda ya ce in yi.

Asabar, 12 ga Yuni, da yamma

Na isa asibiti da wuri, na ajiye mota inda za a gan ta daga ƙofa. Matthew ya riga ya yi shatar tasi. Na gaishe da direban.

Kayan sun yi wa tasin yawa. Matthew ya tsaya da bokiti a hannu yana dube-dube. Na buɗe but. Ya sa bokitin, da tabarma, da fulas, da buhun kayan wanki. Eunice ta fito a hankali, nas na riƙe da ita. Ta kalli motata, ta kalli mijinta, ta shiga tasi.

Na bi su a baya har Kakau. Direban yaro ne mai sauri, ba ramin da ya bari. Ta gilashin baya ina ganin kanta yana sunkuyawa duk sanda suka faɗa. Hannuna ya je kan ham ya dawo.

Mahaifiyar Matthew ta fito da jaririya. Eunice ta karɓe ta, ba na iya rubuta wannan. Na koma wajen mota na yi ta sauke kaya ɗaya-ɗaya.

Daga baya aka kira ni ciki, aka ba ni kujera, aka ɗora mini jaririyar. Ta yi nauyi, kumatu sun fito. Ta ƙura mini ido kamar mai bin bashi. Na ce, "Amarya, yaji kika yi mini? Me na yi miki?" Ta yamutsa fuska, ta yi atishawa. Tsohuwar ta ce, "Ta ce sai ka zo biko da kyau." Na riƙe ta har ta yi barci, hannuna ya mutu, ban motsa ba.

Matthew ya rako ni waje. Ya zagaya motar, ya taɓa taya da ƙafa.

Ya ce, "An gyara ta ke nan."

Na ce an gyara.

"Duka aka canja?"

Na ce duka.

Ya daɗe yana kallon gonar masara da ke gaban gidan. Sannan ya ce, "Likita ya ce a mayar da ita ranar Alhamis, a duba ciwon. Da sassafe." Ya sosa ƙeya. "Mai tasin nan hannunsa ba shi da kyau, Baba."

Na ce na gani.

Ya ce, "To."

Na ce, "To, sai Alhamis ɗin."

Na dawo ni kaɗai, rana tana faɗuwa. Gidan shiru. Na ɗora ruwa a wuta, na fito da takalmana na coci na goge. Gobe bayan sujada zan je in shiga layin mai.